Yadda ake tattara labaran waɗanda suka karɓi tallafin kuɗi a ƙauyukan Sakkwato

Tun da hare-haren 'yan bindiga suka raba mutane da gidajensu a Isa, Sabon Birni, Goronyo da Rabah, ga kuma ambaliya da tsadar hatsi, ƙungiyoyin agaji da yawa sun koma ba mutane kuɗi a hannu maimakon buhun abinci. Dalilin a fili yake: in dai kasuwa tana ci, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Sai dai takardar rabo gida nawa da naira nawa kawai take nunawa. Abin da ya sami kuɗin bayan sun shiga hannu, sai an je an zauna an tambaya. Aikin mai tattara labari ke nan: ya ɗauki gida ɗaya, ya bi sawun kuɗin daga ranar karɓa har tukunya, ya rubuta gaskiyar abin da ya gani. Na daɗe ina wannan aiki, ga kuma yadda nake koya wa sabon shiga.

Kayan da za ka tanada

Littafin rubutu mai bango mai tauri, biro biyu da fensir. A watan Afrilu zafin Sakkwato yana haura maki 40, biro yakan yi amai a aljihu, waya kuma takan ɗauke da kanta. Fensir ba ya ba ka kunya.

Waya mai ɗaukar murya da hoto, da batirin ajiya cike da caji. Idan ƙungiyarku tana amfani da KoboCollect ko ODK, wato manhajojin cike fom ɗin tambayoyi a waya, ka sauke fom ɗin tun kana cikin gari, don suna aiki ba tare da intanet ba. Duk da haka ka buga tambayoyin a takarda.

Takardar neman amincewa da Hausa, da tawadar dangwale. In za ka samu a rubuta maka ita da ajami ma, ka yi, don akwai dattawa da matan aure masu yawa da ke karanta ajami sarai ko da ba su yi boko ba.

Katin aikinka da wasiƙar gabatarwa. Taƙaitaccen bayanin shirin tallafin a shafi ɗaya. Lambar da ake kai ƙorafi, da sunan asibiti mafi kusa da ke karɓar yara masu tamowa. Ƙwayar wake 20 a ƙulle cikin leda, za ka ga amfaninta a gaba.

Sai abokiyar aiki mace, wadda ta fi duk kayan nan muhimmanci. Sau da yawa sunan mata ne a kan katin karɓa, namiji baƙo kuwa iyakarsa zaure.

1. Ka san shirin kafin ka taka ƙafa

Ka zauna da waɗanda suka yi rabon ka tambaye su: nawa aka ba kowane gida, sau nawa, a wane wata, ta wace hanya? Kuɗi ne a hannu, ko kati da ake cirewa wurin mai POS, ko turawa aka yi ta asusun banki? Akwai sharaɗi, kamar kai yaro awo ko yin aikin gayya, ko kowa ya yi abin da ya ga dama da kuɗinsa? Da wane ma'auni aka zaɓi mutane? In ba ka san waɗannan ba, mace za ta ce maka an ba ta kaza, alhali abin da aka rubuta ya fi haka, kai kuma ka wuce ba ka lura an yi mata yanka ba.

Ka tambayi kuma wa zai karanta labarin. Wanda za a aika wa masu ba da kuɗin shirin daban, wanda za a ɗora a Facebook kowa ya gani daban. Wannan ne zai nuna maka irin amincewar da za ka nema.

2. Zaɓen gidaje

A nan sababbin shiga suka fi faɗuwa. Suna isa gari sai su ce wa mai unguwa ko ɗan kwamitin rabo ya kawo musu wanda ya amfana. Zai kawo maka mai bakin magana, wanda ya saba da baƙi, ya san abin da kunnenku ke so. Ka ɗauki jerin sunayen tun daga ofis ka zaɓa da kanka, ka gauraya: matar da mijinta ya rasu tana riƙe da marayu, tsoho, mai naƙasa, ɗan gudun hijira, da ɗan gari da ya sauke 'yan hijira a gidansa. Ka sa gidan da ke nesa da kasuwa, kada duka su zama na bakin titi. Lallai ka nemi gida ɗaya da aka san abin bai tafi daidai ba, wanda katinsa ya ƙi aiki ko kuɗin suka haddasa rigima. Shirin ya fi koyon darasi daga wannan gida fiye da sauran duka.

Gida 6 zuwa 8 sun isa a fita guda. Biyu ko uku a rana, kada ka wuce haka. Idan ba a ba ka jerin sunaye ba, ka tambayi mutum uku da ba su da alaƙa da juna, misali ungozoma, limami da malamar asibiti, ka ga sunayen da suka zo ɗaya.

Lokacin zuwa ma yana da tasiri. Mako biyu zuwa huɗu bayan rabo ya fi: kuɗin sun riga sun tafi inda za su, mutum kuma bai manta ba.

3. Shiga gari

Da ɗan gari kan ci gari. Ka fara da gaida uban ƙasa ko hakimi, sannan mai unguwa. Ka faɗi abin da ya kawo ka a taƙaice, ka nanata cewa ba rajista ka zo yi ba kuma ba ka zo da kuɗi ba. In ba ka faɗa ba, kafin ka sha ruwa layi ya kai bakin masallaci.

Ka guji ranar kasuwa, kamar Lahadi a Illela da Goronyo, don ba za ka sami kowa a gida ba. Da damina maza suna gona tun asuba. Ranar Juma'a ka gama kafin hantsi ya ɗaga sosai. A wuraren da hanya ba ta da tabbas, ka tambayi mutanen garin da safiyar ranar, ka shiga da wuri, ka fito kafin la'asar, kuma kada a yi shelar ranar zuwanka. Ka bar wa ofis bayanin inda za ka da lokacin dawowarka, kada ka dogara da waya. A watan Satumban 2021 an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 cikin 23 na jihar nan saboda matsalar tsaro, kuma ko yau akwai ƙauyukan da sai ka hau tudu kake samun sabis.

Idan garin ba ya shiguwa, kada ka yi taurin kai. Ka yi hirar ta waya, ko ka nemi waɗanda suka baro garin suka sauka wurin dangi a hedikwatar ƙaramar hukuma ko cikin birnin Sakkwato. Ka rubuta a labarin cewa ta waya aka yi, ba ka ga gidan da idonka ba.

4. Neman amincewa

Kada ka miƙa takarda ka ce a dangwala. Ka zauna ƙasa kan tabarma, a gaisa sosai, a tambayi gajiya da iyali da ruwa, sannan ka yi bayani da bakinka. Ga yadda abokiyar aikina take faɗa:

"Inna, mun zo mu ji yadda tallafin nan ya zame miki, daɗinsa da wahalarsa. Ba dole ba ne. In kin ce a'a, ba abin da zai taɓa sunanki a rabo, in kin ce e, ba abin da za a ƙara miki. Abin da kika faɗa za mu rubuta, mutane a Abuja da ƙasashen waje za su iya karantawa. Ko mun fara, kika ji ba ki so, sai ki ce mu tsaya."

Zancen nan na cewa ba ƙari ba ragi, ka maimaita shi sau biyu. Wanda yake cikin buƙata yana jin nauyin cewa a'a ga wanda ya ba shi, kuma yana tsoron kada a cire shi. Amincewar da aka bayar cikin tsoro ba ta da amfani.

Ka nemi izini kashi-kashi: na hira daban, na ɗaukar murya daban, na hoto daban, na ambaton suna daban. Mace tana iya yarda da hira ta ƙi hoto, haƙƙinta ne. Matar aure kuwa, a gaida maigida a sanar da shi, amma yardarsa ba ta tsaya a madadin tata ba. Yaro ƙasa da shekara 18 sai da izinin mahaifi ko mai riƙonsa, ni dai ina kauce wa hira da yara in ba dole ba. Tun watan Yunin 2023 Najeriya tana da dokar kare bayanan mutane, wadda ta wajabta a gaya wa mutum abin da za a yi da bayanansa. Idan ya ƙi dangwale, don akwai masu tsoron sa hannu a takardar da ba su karanta ba, ka ɗauki amincewarsa da murya a gaban shaida ɗaya da shi ya zaɓa.

5. Hirar kanta

Ka nemi wurin da ba kunne: ba ɗan kwamiti, ba mai unguwa, ba jami'in da ya yi rabon. In kishiya ko suruka tana zaune, amsar da za ka samu tata ce, ba ta mai labarin ba. Abokiyar aikinka ta san dabarar cewa a koma ɗaki saboda rana.

Tambayar farko da kowa ke yi ita ce, "Tallafin ya taimake ki?" Amsarta ɗaya ce a ko'ina: "Alhamdu lillahi, mun gode, Allah shi saka." Gaskiya ta faɗa, tarbiyya ce, amma ba ka samu labari ba. Ka karɓi godiyar da mutunci, sannan ka bi kwanaki ɗaya bayan ɗaya.

Ka fara da kafin kuɗin. Su nawa ke ci a tukunyar gidan? A makon da ya gabaci rabon sau nawa ake ɗora tukunya a rana? An ci bashin hatsi? Manya sun haƙura don yara su ci? An sayar da akuya ko kwanon jere? Kada ka tona yadda aka kai musu hari ko wa aka kashe. In ta kawo zancen da kanta, ka ajiye biro ka saurara, ka yi mata ta'aziyya. In hawaye ya zo, a tsaya, a ba ta ruwa, a tambaye ta ko a bari sai wani lokaci.

Sai ranar karɓa. Wa ya gaya mata? Da me ta je, nawa ta biya ɗan kabu-kabu zuwa da dawowa? Awa nawa a layi, wa ya riƙe mata yara? Nawa aka ƙirga mata a hannu? Mai POS ya cire nasa? A farkon 2023, lokacin da aka sauya takardun naira 200, 500 da 1,000 kuɗi suka yi wuya, mutane sun ga saƙon shigar kuɗi a waya amma sai sun bar kaso mai tsoka wurin mai POS kafin su riƙe takarda. Wa ke riƙe da katin, wa ya san lambar sirrin? Tsofaffi da yawa jika ko ɗan maƙwabta ke cire musu. A ƙarshe, cikin sanyin murya: "Akwai wanda ya ce a ba shi wani abu cikin kuɗin?"

Yanzu ka kwance ledar wake. Ka zuba ƙwaya 20 a tabarma ka ce, "Inna, a ce wannan shi ne kuɗin duka. Raba mini yadda suka tafi." Wanda ba zai iya tuna naira da kwabo ba zai iya tura wake da yatsa. Na taɓa zama da wata dattijuwa da ta baro ƙauyensu a gabashin jihar nan, tana zaune a wani kango da jikoki huɗu. Da farko ta ce abinci ta saya da kuɗin duka. Da aka zuba wake sai ta ja tara gefe ta ce hatsi. Ta ja uku ta ce maganin jikanta. Ta daɗe tana kallon sauran, sannan ta tura shida can nesa ta ce, "Wagga bashi nib biya, ɗiyana. Mai shago ya daina ba ni, ko gaisuwata ba ya amsawa." Biyun da suka rage ta rufe su da tafin hannu, ta ce ta auna wa maƙwabciyarta tiya guda, don tare suka gudo amma ba a rubuta sunan maƙwabciyar a rajista ba.

Dubi abin da wake 20 suka fito da shi. Biyan bashin nan shi ya sake buɗe mata ƙofar mai shago, wato abincin wata mai zuwa. Tiyar da ta bayar kuwa ta nuna akwai mabuƙatan da rajista ta tsallake. Sabon ma'aikaci yakan ji tsoron rubuta irin wannan, yana ganin za a ce an karkatar da kuɗi. Ka rubuta. Haka mutanenmu suke rayuwa, da bashi da biki da zumunci, kuma masu tsara shiri suna buƙatar su sani.

In ba wake, tsakuwa ko ƙwallon dabino sun wadatar.

Daga nan ka tambayi wa ya yanke shawarar yadda za a kashe, ita ko maigida ko tare, kuma ko an sami saɓani. Kwana nawa kuɗin suka yi? Yau me aka ci a gidan? Da abinci aka ba ta maimakon kuɗi, wanne ta fi so, kuma don me? Me za ta ce a gyara? Bayan kowace amsa ka ɗan yi shiru. Maganar da ta fi nauyi takan fito ne bayan shirun. Minti 45 zuwa awa ɗaya ya isa, tana da daka da ɗebo ruwa a gabanta.

Abu biyu da ba a yi. Kada ka yi alkawarin za a sake rabo, ko da da "in sha Allahu" ne, don za a riƙe shi a matsayin magana. Kada kuma ka zaro kuɗi daga aljihunka a gaban mutane, gobe duk wanda zai yi hira da kai zai sa rai. In ka ga yaro a rame ko ƙafafunsa sun kumbura, ka haɗa su da asibiti a ranar. In an gaya maka wani ya karɓi kaso, ko ya nemi mace da lalata kafin ya sa sunanta, wannan ya fita daga labari: ka kai shi ta hanyar ƙorafin ƙungiya a asirce, da sanin mai maganar, kada ka tunkari wanda ake zargi.

6. Hoto

Ka bar mutum ya shirya. In tana so ta sauya mayafi ko ta wanke wa yaro fuska, ka jira, kada ka ce a bar shi haka ya fi nuna wahala. Ka ɗauke ta tana abin da ta saba, tana tankaɗe ko tana ba akuya dusa, sannan ka nuna mata hoton, wanda ba ta so ka goge a gabanta.

Kada ka taɓa ɗaukar mutum riƙe da damin kuɗi, ko kati da lambarsa a fili, ko wata alama da za ta nuna garin. A yankunan da 'yan bindiga ke ɗora wa ƙauyuka haraji, kuma kowa na tsoron infoma, hoton da ya nuna wane ya sami kuɗi yana iya jawo masa masifa. Ka kashe abin da ke liƙa wa hoto wurin da aka ɗauke shi a saitin kyamara. In ba a yarda da fuska ba, hannu a cikin kwaryar gero, ko murhu, ko akuyar da aka saya, sun isa su ba da labari.

7. Tantancewa

Kafin ka bar garin ka leƙa wurin masu awo ka tambayi kuɗin tiyar gero, dawa da shinkafa a ranar, da kuma yadda suke lokacin rabo. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 farashi ba ya zama wuri ɗaya, don haka adadin kuɗi kaɗai ba ya gaya wa mai karatu komai sai ka ce tiya nawa yake saye. Ka gwada abin da aka faɗa maka da takardar rabo. In sun saɓa, kada ka ɗauka ƙarya aka yi maka, wataƙila an haɗa rabo biyu ne ko na wata ƙungiya. Ka koma ka sake tambaya.

8. Rubutawa

A daren ranar za ka rubuta. Na taɓa barin hira biyar har mako guda, da na zauna sai maganar wata ta shige ta wata, dole na ajiye biyu cikinsu don ban yarda in liƙa wa mace abin da ban tabbata ita ta faɗa ba. Tun daga nan ba na kwanciya sai na juye.

Shafi ɗaya zuwa biyu ya isa. Ka buɗe da abin da ka gani a gidan, ka kawo halin da suke ciki kafin tallafi, yadda aka karɓa, inda kuɗin suka tafi, abin da ya canza, da abin da bai canza ba. Kashin ƙarshen nan kada ka yanke shi. In hatsin ya ƙare a kwana 18, ka rubuta 18. Kada ka ce tallafi ya fitar da gida daga talauci alhali yunwar wata ɗaya ya kashe. In girbi ya shigo a tsakani, ko ɗanta da ke ci-rani a Legas ya aiko da kuɗi, ka faɗa, kada shirin ya ci yabon da ba nasa ba.

Maganar mutum ka bar ta yadda ta fito. In ta ce "kuɗɗi" ko "mun tahi", haka za ka rubuta, kada ka mayar da ita Kananci. In za a juya zuwa Turanci, ka ajiye Hausar a gefe, wani mai jin harsunan biyu ya duba, don a wurin juyi ne ake cusa wa tsohuwar ƙauye kalmomin ofis da ba ta taɓa furtawa ba. Ka sauya suna, ka ambaci ƙaramar hukuma kawai ban da ƙauye, ka sa alama cewa an sauya. A ƙasa ka rubuta ranar hira, wanda ya yi ta, da irin izinin da aka bayar.

9. Ajiya da komawa

Ka ba kowane labari lamba. Takardar da ke haɗa lamba da sunan gaskiya ta zauna a kulle, daban da labarin. Ka juye murya da hotuna a kwamfutar ofis mai lambar sirri, ka goge su daga wayarka, kada ka tura su a zauren WhatsApp na ma'aikata. Lambar NIN ko BVN ta mutum ba ta da abin yi a littafinka, kada ma ka karɓa.

In hanya ta ba da dama, ka koma ka karanta wa mai labarin abin da ka rubuta kafin a fitar. Dattijuwar nan mai wake, da abokiyar aikina ta karanta mata nata, ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce a cire zancen mai shago ya daina amsa gaisuwarta, don yanzu sun shirya kuma ba ta so ya ji. Muka cire. Ta ce kuma a ƙara cewa har yau ba a rubuta sunan maƙwabciyarta ba. Muka ƙara, muka kai maganar ga masu rajista.